Shekarar da Gyaɗa Ta Kuturce

Ban san wanda ya fara kiran wannan ciwo na gyaɗa kuturta ba. Da na san shi, da na tambaye shi ko ya leƙa gidajen mutane kafin ya raɗa sunan. Ciwon kansa ba ɓoyayye ba ne: ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya ƙanƙance, ya murɗe, reshe ya ƙi miƙewa, duk tsiron ya dunƙule a kan kunya kamar hannun da ba yatsu. Wanda ya ga haka ya ce kuturta bai yi wa idonsa ƙarya ba. Sai dai a gidanmu akwai hannu irin wannan, kuma na mahaifina ne.

Gidanmu yana karkarar Bagwai, inda gona take jingine da gona, babu daji babu saura, in maƙwabci ya yi atishawa a tasa sai ka yi masa addu'a daga taka. A gandu muke a lokacin, wato gona ɗaya da rumbu ɗaya, kuma mai gandun shi ne yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa. Baffa ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan tun yanzu. Mutum ne mai tsari, ba ya ɗaga murya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ya ajiye magana ko shanun noma aka ɗaura mata ba za ta motsa ba.

Baba ya kamu da kuturta tun yana saurayi. Baffa ne ya kai shi asibitin kutare a kan jaki, inda aka ɗora shi a kan wasu 'yan ƙwayoyi farare, ya yi ta sha shekara da shekaru har likita ya ce ciwon ya mutu. Ya auri Inna, aka haife mu, ba wanda ya ɗauka a cikinmu. Abin da ciwon ya ci kafin a kashe shi kuwa ya ciwu: yatsun dama sun tsaya a gaɓar farko, wasu na hagu sun lanƙwashe, kuma daga wuyan hannu zuwa ƙasa ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Ba ya riƙe garma, don ƙota sai ta saɓule masa fata bai sani ba, wurin ya zama gyambo. Saboda haka aikinsa a gandu shi ne iri. Shi yake zaɓa da kaka, shi yake adanawa, shi yake ɓare gyaɗar shuka da tafin hannu a kan dutse, in ruwa ya sauka kuma shi yake bin mai sungumi yana zubawa yana rufewa da dunduniya. Yana da ido a kan iri, har maƙwabta sukan kawo hatsi su yi musaya da nasa. Tsokanar da ake yi masa ɗaya ce, wai hannunsa bai iya ƙirga ba, inda wani zai jefa biyu shi sai ya zube huɗu. Yakan ce, “Wanda ya ga ɓarna ya ara mini yatsa.”

Wannan aiki shi ne duk abin da yake da shi a cikin maza. In an cire shi daga iri, ya zama mai ci kawai.

Shekarun fari sun riga sun wuce ta kanmu. Ba zan tsaya a kansu ba. Mun sayar da awaki, mun ci ganyen tafasa har ya gundure mu, aka rayu. Da ruwa ya dawo sai kowa ya zuba ido a kan gyaɗa, don ita ce haraji, ita ce zanen mata, ita ce auren samari. Baffa ya ba ta fili fiye da kullum. Ni a lokacin ina shekarun ƙarshe a kwalejin horon malamai, na zo hutun damina da wando mai kari da kai cike da sababbin kalmomi, ina neman wanda zan sauke wa.

Gyaɗar ta fito da kyau. Sai darɓa ta sauka, waɗannan ƙananan ƙwari baƙaƙe masu taruwa a ƙasan ganye suna barin danƙo. Darɓa ba baƙuwa ba ce, an saba ruwan sama ya wanke ta, amma wannan shekarar ruwa ya ɗan ɗauke a tsakiya, ta sami sarari ta baje. Kafin mu farga, sai ga tsiro ɗaya nan ɗaya can ya dunƙule, daga nan kunya guda, daga nan gona guda. Ka tsaya ka duba gabas da yamma, duk haka. Mutane suka riƙa gaisawa da “Ya kuturta?” kamar yadda ake cewa ya ruwa.

Da farko sunan bai dami kowa ba, suna ne kawai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo ɗibar wuta wurin matar Baffa, ta tsaya hira, ta ce, “Ai ruwa ba ya tsami banza. Wa yake taɓa muku iri?” Ta ɗauki garwashinta ta fita. Maganar ta zaga unguwa ta dawo da kaya. Wanda ya yi musayar iri da Baba ya tuna. Wanda bai yi ba ya tuna cewa gonarsa tana maƙwabtaka da ta wanda ya yi. Matafiya suna cewa abin ya kai har wajen Gezawa, har gaba da nan, amma labarin nesa ba ya kashe zancen gida. Mutum a cikin asara ya fi son dalilin da zai iya nunawa da yatsa.

Ina gona ranar da Baffa ya tuge wani tsiro ya kakkaɓe ƙasar jikinsa. Babu 'ya'ya sai 'yan ƙanana marasa ciki. Ya juya saiwar, ya tsaya yana kallon wasu ƙulle-ƙulle da suka jeru a jikinta kamar ƙuraje. Duk shekarar Allah suna nan a saiwar gyaɗa, lafiyayya ma ta fi su yawa, kuma Baffa ya cire gyaɗa tun ba a haife ni ba. Amma bai taɓa duba su da tsoro ba sai ranar. Ya ɗago ya dubi kunnen Baba, inda ciwon ya bar 'yan tabo masu tudu, sannan ya yar da tsiron. Baba ya ga inda idon ya je. Muka ci gaba da cire ciyawa a gonar da ba abin da za ta ba mu.

Da kaka muka tara abin da ya samu, ko harawar kirki ba a yi ba. Bayan an ɗaure gero an sa a rumbu, Baffa ya kira Baba zaure, ina zaune, ya ce, “Baɗi ka huta da iri. Na gyaɗa da na gero duka. Yara za su yi.”

Baba ya ce, “Na yi laifi ne, Yaya?”

“Ba ka yi ba. Mutane ne ke magana, ni kuma ban san gaibu ba.”

“To, Yaya.”

Shi ke nan zaman ya tashi. Suka ci gaba da gaisawa da safe, suna sallah kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya guji Baba da jikinsa, don an daɗe da sanin ba ya sa wa mutum. Gyaɗa kawai ake ji wa tsoro.

Ni kuwa na ga ranar da karatuna zai yi amfani ta zo. A kwaleji muna da malamin kimiyya, wani siririn mutum mai son aikinsa, wanda ya taɓa kwasar mu zuwa ɗakin gwaji na wani asibiti muka yi layi muka leƙa madubin likita. Abin da na gani 'yan sanduna ne jajaye, sirara, a tattare kamar tsinken tsintsiya da ya zube. An shafa musu launi ne don su fito. Aka ce mana wannan ita ce ƙwayar kuturta, an ɗebo ta daga kunnen wani majinyaci. Na daɗe a kan madubin har na bayana ya zungure ni. Ban gaya wa kowa ba cewa na san gidan da danginta suka taɓa zama.

Na sami Baffa da hantsi a gindin dalbejiyar ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana. Ya ce, “Malam ƙarami, bismilla.”

Na faɗa masa abin da na sani, kuma har yau ban ga gyara a ciki ba. Na ce abubuwan da suke kawo ciwo waɗanda ido ba ya gani ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ake kira bakteriya. Ita halitta ce cikakkiya duk da ƙanƙantarta, tana ci, tana girma, in ta ƙoshi ta rabe biyu, biyun su rabe huɗu. Tunda tana da rai irin wannan, ana iya ba ta guba ta mutu, kuma abin da ƙwayoyin asibiti suka yi wa ta jikin Baba ke nan. Ta kuturta ma raguwa ce a cikinsu, tana jinkirin haihuwa, shi ya sa ciwon yake ɗaukar shekaru, tana son wuri mai sanyi-sanyi a jikin mutum, kunne da hanci da yatsu, tana lalata jijiyar da ke kai labarin zafi. Ba ta da abin ci a jikin ganye. Ko da ranta aka ɗora ta a kan gyaɗa, mutuwa za ta yi.

Na ce ta gyaɗa kuwa wata aba ce daban, ana kiran irinta bairos. Ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa da kanta. Kamar baƙon da ya zo ba tukunya ba murhu take, sai ta shiga ɗakin mai gida ta sa shi ya bar girkinsa ya yi ta girka nata. Haka take yi wa ganye, shi ya sa ya daina girma. Kuma kowace da gidan da take iya buɗewa, ta gyaɗa ba ta shiga mutum. Ba ta da ƙafa, darɓa ce take tsotso ta a wannan tsiro ta kai wa wancan. Ba ta ma bin iri. Na ƙara da cewa ƙulle-ƙullen saiwar nan da ya gani, gidajen wata bakteriya ce ta alheri, wadda take yi wa ƙasa taki, shi ya sa gero yake kyau a inda aka cire gyaɗa.

Baffa ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiya ba. Sannan ya ce, “Ta jikin mutum, ka gan ta da idonka?”

Na ce, “Na gani, Baffa.”

“Ta gyaɗar fa?”

Na ce ita madubinmu ba ya nuna ta, sai wani babba da ke ƙasashen waje.

“Wato wadda ka gani, ta kuturu ce. Wadda ba ka gani ba, ita ce ka zo ka ba ni labarinta.”

Na ce ai ba duk gaskiya ake gani ba. Ya ce haka ne, shi ma abin da yake faɗa ke nan. Ya ɗan ja igiyar ya gwada ƙarfinta, ya ce, “Kuma kai da bakinka ka ce ƙwaya. Ƙwayar cuta. Ni a sanina ƙwaya iri ce, iri kuwa duk inda ya faɗa ya sami laima tsirowa yake. Ita darɓar nan tun muna yara muke ganinta, ba ta taɓa cinye mana gona ba. In kai ka yi kuskure, malaminku zai ja maka jan layi. In ni na yi, gidan nan ne zai kwana da yunwa.”

Na tashi da haushi, mafi yawansa don ban sami amsa a take ba. Na sami amsoshi masu kyau daga baya, a hanyar komawa makaranta, inda ba mai ji sai direban mota.

Kafin in tafi na maimaita wa Baba duk bayanin, a tsakar gida, yana zaune a kan turmi. Shi bai yi gardama ba. Ya tambaye ni ko ita gyaɗar tana da magani. Na ce babu, ƙwayoyin da suke kashe bakteriya ba sa taɓa bairos, don ba ta da cikin da guba za ta shiga. Ya ce, “Ashe ta fi ni shiga uku.” Ya yi 'yar dariya, sannan ya buɗe tafin hannunsa yana dubawa. Ya ce, “Likita ya ce ta mutu. Amma ni ban ga gawarta ba.” A nan na gane shi ma bai tabbata ba, kuma wannan ya fi maganar Baffa yi mini ciwo.

Rani ya zo ya wuce. Na gama kwaleji aka tura ni koyarwa wata firamare a wajen Shanono, ina zuwa gida a kan keke in an tashi ranar Juma'a. Irin gyaɗa ya yi wuya a ƙasar gaba ɗaya. Baffa ya sayar da ɗan maraƙin da ya rage ya sayo wani daga nesa, ya ajiye a ɗakinsa, ya sa 'ya'yansa suka ɓare. Baba yana wucewa ta gefensu zuwa masallaci, yakan ɗan kauce kada rigarsa ta taɓa tabarmar.

Kowane namiji a gandu yana da gayauna, ɗan filin kansa da yake nomawa a ranakun da ba na gandu ba. Ta Baba 'yar ƙarama ce a bayan gida, Inna takan sa kuɓewa da yakuwa. Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shukar gero, aka bar shi shi kaɗai a gida da kaji. Inna tana da 'yar gyaɗa da ta saya don yin mai. Ya ce ta ba shi. Ya zauna ya tsince masu kyau, ya ɗauki sungumi ya maƙale a hammata, ya sara, ya zuba, ya rufe. Da na zo na ga an tashi kuɓewa, na tambaye shi. Ya ce, “Maganarka na ji, ta Yaya ma na ji. Ina so in gani.”

Gyaɗar gandu sai daga baya aka shuka ta, bayan an gama da gero da dawa, kamar yadda aka saba. Kuma saboda tsadar iri Baffa ya sa aka yi ta da tazara, ɗaya nan ɗaya can. Yara suka bi umarni, ba hannun da ya zubar da ƙari.

Darɓa ta dawo. Ba ta kai ta bara ba, amma ta isa. Wajen tsakiyar damina gyaɗar gandu, wadda Baba ko inuwarsa ba ta faɗa mata ba, ta fara dunƙulewa. Ta gayauna kuwa ta riga ta girma ta rufe ƙasa ruf, kore shar, in ban da 'yan tsirai a gefe da ya tuge ya binne. Daga baya wani malamin gona ya gaya mini dalili: darɓa mai fiffike ta fi sauka a inda tsiro yake warwatse tana hango jar ƙasa a tsakani, kuma ciwon ya fi cin tsiron da ya kama yana ƙarami. Shukar wuri da cunkoso su ne kariyar da aka sani a lokacin. Baba ya yi na farko don ba shi da wani aiki, ya yi na biyu don yatsunsa ba sa ƙirga. Akwai kuma sa'a a ciki. Ni da na koyar da kimiyya shekaru na san gayauna ɗaya ba ta isa hujja ba. Amma gonar gandu hujja ce, kuma a fili take a bakin hanya.

Na zaci magana ta ƙare. Na riƙa tafiya a unguwa ina jiran wani ya tare ni ya ce ashe gaskiyarka. Mutane suka zo suka tsaya a bakin gayaunar, suka yi ta mamaki, suka ce ma sha Allah. Sai tsohuwar nan mai ɗibar wuta ta zo ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce, “Ai dama. Kuturta ta san nata, ba ta cin gida.” Wannan ma ya zaga unguwa. Game da gonar gandu kuwa aka ce ƙasar ce ta riga ta sha tun bara. Na yi wa wasu samari bayani a bakin masallaci har muryata ta dushe. Suka ce lallai boko da daɗi.

Baba bai shiga gardamar ba. Ya cire gyaɗarsa, ya tsinke, ya shanya. Ya zaɓi iri kamar yadda ya saba, ya cika wani babban masaki da 'yar jaka. Na lura ya daina kaucewa in zai wuce kusa da hatsi. Wata rana ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, “Ta jikina, ta mutu ɗin.” Na yi farin ciki ƙwarai, na kuma ɗauka saura kaɗan ne a mayar da shi kan iri.

Abin da aka samu a gandu bai kai a ware iri ba, an sayar an biya haraji. Babu maraƙin da za a sake sayarwa. Da bazara ta yi, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, duk gidan an san cewa irin gyaɗa ɗaya ne a ciki, kuma an san ɗakin da yake. Wata ranar Asabar da safe Baffa ya zo sashenmu da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta koma ɗaki. Suka gaisa, suka taɓa zancen zafi da na ruwa. Sannan ya ce, “Irin nan naka, gandu yana bukata.”

Baba ya ce, “Ai naka ne, Yaya.”

“Madalla. Zan turo yara su ɗauka su ɓare. In ruwa ya sauka su shuka da wuri, a cunkushe, yadda ka yi.”

Baba ya jira. Ni ma na jira. Baffa ya fara laluben takalminsa.

“Ni fa, Yaya?”

Baffa bai dube shi ba. Ya ce, “Kai dai ka ƙara hutawa bana. In aka ga hannunka a gona, ko ta yi kyau ba mai sayen ta a unguwar nan. Mu bar ƙura ta lafa.”

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “To, Yaya.” Ya raka shi har bakin zaure.

Washegari ina shirin gyara keke na ji yana ce wa Inna ta hura wuta ta ɗora babban kasko. Ya fito da masakin da jakar, ya zauna a gaban dutsensa ya fara ɓarewa, ya kira ƙannena suka taya shi. Inna ta tsaya da itace a hannu. Ta ce, “Malam, iri ne fa.”

Ya ce, “Na sani. Ni na zaɓe shi.”

Ta dube ni. Na san abin da gidan zai rasa, na kuma san ƙannena suna cikin masu rasawa, amma ban ga da wane baki zan hana shi ba. Ta hura wutar.

Bai bar ta ta zuba ba. Shi ya matsa gaban murhu, yana ɗiba da tafin hannu yana watsawa a kasko, in ya taru ya baje shi da hannun. Inna tana gefe tana ƙara itace. Ƙamshi ya tashi ya cika gidan. Can sai ta yi salati ta fizge hannunsa, don ta ji wani ƙauri da ba na gyaɗa ba. Gefen tafin ya yi fari ya tashi. Ya juya shi yana dubawa kamar na wani, ya ce bai lura ba. Na kawo ruwa a ƙwarya na tsoma masa, Inna ta karɓi muciya ta ci gaba da juyawa, tana share ido da gefen zane.

Ƙamshin ne ya kawo Baffa. Ya tsaya a bakin sashenmu, ya dubi kasko, ya dubi tulin ɓawo, ya dubi masakin da aka kife.

Ya ce, “Duka?”

Baba ya ce, “Duka, Yaya. Ka ga ba sai yara sun wahala ba.”

Da ruwa ya sauka aka sa wake a filin. Gandunmu bai ƙara shuka gyaɗa ba har aka raba shi.